Wasiƙa zuwa ga masu walda da kafintocin Madawa, Buza da Keita

Na san ba don ku ba da injin ban-ruwan masu albasa ya kwanta, da amalanke ba ta kai kasuwa ba. Tun da aikin raya karkara na Keita ya soma tare ruwa a madatsai a 1984, wasunku suka koyi haɗa kwale-kwale don masunta, a ƙasar da ba ta da teku. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dabam ne. Yanzu 'ya'yanku suna cin jarrabawar bak, wasu na cewa ƙirar jirgin ruwa za su karanta, ku kuwa kuna zaɓa musu makaranta da suna da kakin ɗalibai. Wani ya dawo daga bida a Abijan, ya ce ya ga makarantar teku a Yopougon, yara sanye da fararen kaya kamar hafsoshi, shi ke nan an sayar da bijimi. Makarantar nan, ARSTM, tana da daraja, amma abin da aka san ta da shi horar da matuƙa ne, da masu kula da inji, da ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Haka ta Oron a Najeriya. Tuƙa jirgi aiki ne, zana shi tun yana kan takarda wani aikin ne. Kun fi kowa sanin direban tirela ba shi ya ƙera ta ba.

Mai son ƙira sai ya nemi inda ake koyar da ita da sunanta: sashen injiniyancin teku na jami'ar kimiyya da fasaha ta Oran a Aljeriya, ko jami'ar Iskandariyya a Masar, ko jami'ar fasaha ta Istanbul, ko Brest da Nantes a Faransa ga wanda Allah ya buɗa wa hanya. Kafin ku biya ko dala, a karɓo takardar darussa, a kai wa malamin lissafin lakkol ya duba. Akwai darasin tsayuwar jirgi a kan ruwa? Akwai ƙarfin ƙarfe da katako, da zane a kwamfuta? Ana tura ɗalibi inda ake ƙera jirgi ya yi watanni? Yaron da lissafi da fizik ke ba shi zazzaɓi kuwa, ku gaya masa gaskiya tun a gida. Wanda bai samu tallafin karatu ba, ya soma da kanikanci a EMIG ta Yamai, ƙirar ta biyo baya.

Amma laifin ya girmi zancen makaranta, a rumfunanku ya fara. Kuna raina awo. Ana yanka faranti da ido, a kwaikwayi jirgin maƙwabci, a shafa fenti, a miƙa. In yaro ya tambayi mutum nawa zai ɗauka, sai a ce masa ya cika surutun boko. Haba jama'a! Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuma ba ya ɗaukar abin da ya fi nauyin ruwan da ya ture. Ɗan ajin ƙarshe na firamare zai iya wannan lissafi da igiyar awo. Ko kun auna kaya daidai, in nauyi ya hau sama, mutane suka miƙe tsaye, ko ruwan da ya shiga ciki ya gangara gefe guda, jirgin zai kife. Cikinku mutum nawa ke liƙa akwatin iska a goshi da bayan jirgin ƙarfe, don ko ya cika kada ya nutse?

Sarkawan Gaya da Yawuri na da, ba su san biro ba, amma ba sa sallamar jirgi sai sun loda shi a bakin gaɓa sun ga inda ruwa ya tsaya. Mu da muka taso muna jin labarinsu, kunya ke kama mu yau. A Ingila ma sai da Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa a majalisa kafin dokar 1876 ta sa a ja layi a jikin jirgi, iyakar lodi. A Mayun 2021 jirgi ya tashi zuwa Wara a jihar Kebbi da mutum fiye da 150, ya nutse a kogin Kwara, kaɗan suka tsira. Tafkin Tabalak ba Kwara ba ne, amma ya isa ya ci mutum.

Ku yi mini gafara in harshe ya yi zafi, tsufa ne da damuwa. Roƙona, yaron da za ku tura Oran ko Iskandariyya, ya yi hutun damina biyu a rumfa tukuna: ya riƙe sandar walda, ya auna kowane jirgi kafin ya fita, ya ja masa layin lodi da jan fenti, ya rubuta adadin mutane a gefe. In mai jirgi ya ce a goge, ku tsaya wa yaron.

A gaida iyali. Naku, tsohon malamin koyar da sana'a.