WA YA CI RIBAR BASASAR KANO?



Mun sha jin samari suna yabon Yusufawa, wai su ne mazan da suka tuɓe sarki da ƙarfin tsiya. To, bari mu duba.

A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi Ɗanyen Kasko, ya sa Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello, alhali yawancin 'ya'yan sarki suna bayan Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Yusufu ya fita da jama'arsa ya kafa sansani a Takai. Da ya rasu a 1894 suka yi wa ƙanensa Alu mubaya'a. A shekarar nan Alu ya ci birni, Tukur ya gudu Kamri ta ƙasar Katsina, aka bi shi aka kashe a 1895.

Mun yarda Sakkwato ta yi kuskure. Ba a ɗora wa mutane rawanin da ba su so. Amma fa Alu da Tukur jikokin mutum ɗaya ne, Ibrahim Dabo. Gida bai sauya ba. Wanda aka ƙone wa rumbu, wanda aka kama wa 'ya'ya aka kai kasuwa, ba ɗan sarki ba ne, manomi ne da masaƙi. Wa ya tambaye su wanda suke so?

A ƙasar Suwidin ta Turai an yi abin da ya ɗan fi wannan. A 1434 manoma da mahaƙan ƙarfe na Dalarna suka tashi bayan wani Engelbrekt, don hakiman Sarki Erik sun matse su da haraji, abin da mu muke kira lanho. Can ƙafar talaka ce ta fara tafiyar. Duk da haka aka kashe Engelbrekt a 1436, kuma da aka tuɓe Erik a 1439 manyan ƙasa ne suka zaɓi magajinsa.

Mu Damagarawa ma kada mu yi dariya. Da Kano ta raunana, Sarkinmu Amadu Kuran Daga ya kai mata yaƙi a 1898. Shekara guda bayan haka Faransawa suka karya mu a Tirmini. A 1903 Ingilishi suka shiga Kano, Alu kuwa ya ƙare kwanakinsa a tsare a Lokoja.