Berlin 1936: Gasar Da Ta Wanke Azzalumi A Idon Duniya

Duk lokacin da aka miƙa wa gwamnati mai danne jama'arta baƙuncin wata babbar gasa, sai ka ji shugabannin wasanni suna cewa wasa daban, siyasa daban. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi ya ƙaryata ta tun a 1936. Mai mulkin kama-karya ba ya zuba dukiyar ƙasa a filin wasa don son motsa jiki. Abin da yake saye da kuɗin shi ne shaidar duniya, wato a zo gidansa, a ci abincinsa, a koma ana cewa mutumin kirki ne. Duk wanda ya amsa gayyatar ya ba da wannan shaida, ko da zuciyarsa ba ta nufi haka ba. Gasar Olamfik ta Berlin da kofin duniya na Italiya sun isa hujja.

A 1931 aka ba Berlin gasar, shekara biyu kafin Hitler ya hau mulki. Daga 1933 zuwa ranar buɗe gasar, 1 ga Agusta 1936, babu abin da ya ɓuya na halin gwamnatinsa. An kori Yahudawa daga ƙungiyoyin wasanni. A Satumban 1935 aka kafa dokokin Nuremberg da suka ƙwace musu 'yancin zama cikakkun 'yan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. A Maris 1936 sojojin Jamus suka shiga yankin Rhineland, saɓanin yarjejeniyar da aka ƙulla bayan yaƙin duniya na ɗaya. Da baƙi suka kusa isowa, sai aka share ƙofar gida, aka tura sharar ƙarƙashin gado. An cire allunan da ke hana Yahudawa shiga wurare, an kwashe ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma da Sinti zuwa wani sansani a Marzahn da ke bayan gari. A cikin watannin nan ne kuma fursunoni ke gina sansanin gwale-gwale na Sachsenhausen, arewa da birnin kaɗan. Ƙasashe 49 suka halarta. A karon farko aka ɗauko wutar Olamfik daga Girka, 'yan gudu sama da 3,000 suka yi ta miƙa wa juna har Berlin, sannan Leni Riefenstahl ta mayar da gasar fim ɗin da aka nuna wa duniya a 1938.

Labarin Gretel Bergmann kaɗai ya tona yadda aka shirya yaudarar. Bayahudiya ce, gwanar tsallen sama, ta bar Jamus zuwa Ingila bayan an kore ta daga ƙungiyarta. Da Amurka ta fara maganar ƙaurace wa gasar, sai aka matsa mata ta dawo, domin a nuna wa duniya cewa ba a ware kowa ba. A watan Yunin 1936 ta tsallake mita 1.60, daidai da bajintar da ta fi kowace a Jamus a lokacin. Jirgin ruwan tawagar Amurka na barin New York, washegari aka rubuta mata wasiƙa cewa ƙoƙarinta bai kai ba, aka yi mata tayin tikitin kallo a tsaye. A ranar gasar kuwa, mita 1.60 ɗin nan ce matan da suka ci zinare da azurfa da tagulla suka tsallake. Avery Brundage, shugaban kwamitin Olamfik na Amurka, shi ya je Jamus a 1934 ya dawo yana cewa ya gamsu da alkawuran da aka yi masa. Ɗan ƙasarsa Ernest Lee Jahncke, wanda ya fito fili ya ce kada a je, korarsa aka yi daga kwamitin Olamfik na duniya, aka ba Brundage kujerarsa. Wannan hukunci siyasa ce tsagwaronta, kuma masu cewa ba ruwansu da siyasa ne suka yanke shi.

Mussolini ya riga Hitler gano wannan hanya. A 1934 Italiya ta karɓi baƙuncin kofin ƙwallon ƙafa na duniya, ta doke Czechoslovakia da ci 2 da 1 a Rum, yana zaune yana kallo, jaridunsa suka mayar da nasarar hujjar cewa mulkinsa ya farfaɗo da ƙasa. A Oktoban 1935 sojojinsa suka afka wa Habasha, suka yi amfani da iskar guba a kan mutane, suka kama Addis Ababa a Mayun 1936. Wata uku bayan nan aka rataya wa 'yan ƙwallon Italiya lambar zinare a Berlin, ba wanda ya ce uffan. A Mayun 1938 'yan ƙwallon Ingila suka jeru a filin Berlin suka ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, bisa umarnin manyansu. Sun ci wasan 6 da 3, amma hoton gaisuwar Jamus ke buƙata, kuma ta samu.

Masu kare zuwa Berlin sukan kawo Jesse Owens, baƙar fatan Amurka da ya ci zinare huɗu a gaban masu da'awar fifikon farar fata. Bajintarsa gaskiya ce, kuma ta faranta ran baƙar fata a ko'ina. Sai dai Jamus ce ta zo ta ɗaya a gasar da zinare 33, Amurka na biye da 24. Tafin da 'yan kallo suka yi wa Owens ma ya zama ribar gwamnati, domin baƙi sun koma gida suna cewa ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Shi kansa Owens ya koma ƙasar da ke ware shi saboda launinsa, Shugaba Roosevelt bai aika masa ko da saƙon taya murna ba. A Nuwamban 1938 aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus cikin dare ɗaya, a Maris 1939 Hitler ya mamaye Prague, amma duk da haka a Yunin 1939 kwamitin Olamfik ya sake ba Jamus gasar hunturu ta 1940. Yaƙi ne ya hana ta.

Hujja ta biyu ta masu kare zuwa Berlin ta fi nauyi: ɗan wasa ya shafe shekaru yana atisaye, bai zalunci kowa ba, kuma ƙaurace wa gasa ba zai hana Hitler yaƙi ba. Haka ne, babu mai cewa fili marar 'yan wasa zai tsayar da tankar yaƙi. Amma hana azzalumi shaidar da yake nema yana da tasiri, kuma Afirka ta gwada ta gani. An hana Afirka ta Kudu shiga Olamfik tun daga 1964, aka kore ta baki ɗaya a 1970 saboda wariyar launin fata. A 1976 ƙasashen Afirka sama da ashirin, har da Najeriya, suka janye daga gasar Montreal saboda 'yan zari-rugar New Zealand sun je wasa a Afirka ta Kudu, kuma ɗan Najeriya Abraham Ordia na cikin jagororin janyewar. 'Yan wasanmu sun yi asarar damar da wasunsu ba su sake samu ba, amma shekara guda bayan nan ƙasashen rainon Ingila suka amince da yarjejeniyar Gleneagles ta yanke hulɗar wasanni da gwamnatin wariya.

Saboda haka nauyin bai kamata ya faɗa kan ɗan wasa a makon ƙarshe ba. Yana kan masu jefa ƙuri'ar ba da baƙunci, kuma wakilan Afirka na da kaso mai tsoka a cikin ƙuri'un FIFA da na kwamitin Olamfik. Haƙƙin 'yan jarida da masoya wasanni ne su tambayi wakilan nan wa suka zaɓa, da dalilin zaɓen, da halin da fursunoni da ma'aikata da tsiraru ke ciki a ƙasar da aka ba gasar. Wanda ya ba azzalumi fili da tuta da kyamarorin duniya ya taimake shi, kuma cewa wasa kawai ya je yi ba zai wanke shi ba.