Jarfa Da Huji A Jikin Matasan Gadarif: Mu Dubi Allurar Kafin Mu Dubi Zanen

A 'yan makonnin nan babu batun da ya jawo mana kiran waya a shirinmu na iyali a gidan rediyo kamar batun jarfa da huji a tsakanin matasa. Wata uwa ce ta fara tayar da maganar. Ta ce ɗanta ɗan shekara 16 ya tuɓe riga zai yi wanka, sai ta ga an zana masa harafin Turanci a kafaɗa. Da ta matsa masa, sai ya ce wani abokinsu ne ya yi musu su biyar, da allurar ɗinki da tawadar biro. Masu sauraro suka yi ta bugowa, wannan ya ce lalacewar tarbiyya, wancan ya ce koyi da Turawa. Har aka rufe shirin ba wanda ya tambayi allura nawa aka yi aikin da ita. Mun tambayi uwar daga baya. Guda ɗaya ce.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa suka bi hanyar Makka, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da Gadarif da Kasala, da tsagarsu suka zo. Da ganin kumatun Bagobiri an san daga inda ya fito, 'yan mata kuwa wanzami ke yi musu jarfa don kwalliya. A nan ma sun tarar da mutanen ƙasa da nasu zanen fuskar da ake kira shulukh, kamar layuka uku a kwance na Shaigiyya, wanda Farfesa Yusuf Fadl Hasan ya rubuta littafi a kansa a 1976. Akwai kuma dakan leɓe, inda ake haɗa allurai a daddaka leɓen mace na ƙasa a zuba kwalli har ya rine, ga zumam da ake sa wa a hanci. Ko a cikin 'yan gudun hijirar Tigray da suka shigo sansanin Um Rakuba tun daga Nuwamban 2020, za ka ga mata da jarfar gicciye a goshi. Ashe dai zane a jiki ba baƙo ba ne a wannan yanki.

Ba bulala ce ta kawar da waɗancan al'adu ba. Makaranta ce, da wa'azin malamai, da kuma canjin abin da ido ke ganin kyansa. A yau da wuya ka ga saurayi ko budurwa a cikin gari da shulukh. A Nijeriya har doka aka yi a 2003, ta kare haƙƙin yara, wadda ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa, amma kafin dokar ta zo mutane da yawa sun riga sun bari da kansu.

To me ya bambanta na jiya da na yau? A da iyaye ke kiran wanzami, zanen kuma yana nuna ɗan gidan wane ne. Yanzu yaro ke zaɓa wa kansa daga abin da ya gani a TikTok ko a damtsen Messi da Neymar. Sannan tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, makarantu sun yi watanni masu yawa a rufe, da dama daga cikinsu a nan Gadarif sun zama masaukin waɗanda suka gudo, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar. Yaro ba aji, ba sana'a, sai waya a hannu. Samari suka koma zane, 'yan mata kuma suna ƙara huji na biyu da na uku a saman kunne da hanci. Da yake sun san ba za a yarda ba, a ɓoye suke yi, abin da aka yi a ɓoye kuwa da abin da ya samu ake yin sa.

A nan haɗarin yake. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma ɗan jinin da ido ba ya gani a bakin allura ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Sudan na cikin ƙasashen da ta yi yawa. Mugun abin shi ne mai ita kan yi shekaru bai sani ba. Wani sai ranar da ya je ba ɗan'uwansa jini a asibiti, wani kuma sai a gwajin lafiyar da ake yi wa masu neman aiki a Saudiyya, a dawo masa da takardunsa. Ban da ita akwai nau'in C da ƙanjamau. Shi kuma saman kunne guringuntsi ne, jini bai cika isa wurin ba, idan ya yi ruwa yana wuyar warkewa, har ya kan nakasa kunnen. Masu baƙar fata kuma sun fi kowa saurin yin tabo mai tsiro a wurin huji.

Kada mu manta da namu hannun. Mu ne ke huda kunnen jarirai mata da allura da zare. Asusun UNICEF ya ce jariran Sudan da suka samu allurar farko ta rigakafi sun ragu daga kashi 94 cikin 100 a 2022 zuwa kashi 48 a 2024, kuma a cikin wannan allurar ne rigakafin ciwon hanta yake. Mu ne kuma ke biyan kuɗin baƙin lalle a kowane biki da salla. Lalle na asali ja yake yi, kuma sai an yi sa'o'i ana jira. Abin da ke sa shi baƙi cikin ɗan lokaci shi ne sibga, wato rinin gashi mai sinadarin PPD. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubarsa, 13 suka rasu. Yana kumbura fuska da wuya da harshe har numfashi ya toshe, yana kuma lalata ƙoda, ga shi ba shi da makari. Amma sai ka ga ƙullinsa a ajiye kusa da kwalli, inda ƙaramin yaro zai iya ɗauka.

Ta fuskar addini hukuncin a bayyane yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito la'anta a kan mai yin jarfa da wadda ake yi wa, yayin da aka halatta lalle, kuma mafi yawan malamai suka yarda da hujin kunne ga mata. Sai dai muna roƙon malamanmu su cika bayanin. Malamai da dama sun ce wanda ya riga ya yi, ya tuba, alwalarsa da sallarsa sun inganta, kuma ba a tilasta masa cirewa idan zai cutu. Rashin jin wannan ne ke sa yaro ya ɗauki reza ko ruwan batir ya ce zai goge, ya ƙara wa kansa wata masifar. Cirewa ta gaskiya sai likitan fata da na'ura, zama bayan zama, da kuɗi mai yawa.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce, duk wanda ya ga zane ko sabon huji a jikin ɗansa, ya haɗiye fushi tukuna ya tambaya: wa ya yi maka, da me, ku nawa ne? Sannan a kai shi gwajin ciwon hanta, idan bai kamu ba a nema masa rigakafi. Faɗa ya biyo baya. Masu ƙunshi da wanzamai da masu huji su riƙe ƙa'ida ɗaya, kowane mutum da sabuwar allurarsa ko rezarsa. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta leƙa kasuwa ta ga yadda ake sayar da sibga a fili.

Ita uwar da ta bugo mana ta kai ɗanta gwaji, ta kuma je gidajen sauran yaran huɗu ta gaya wa iyayensu. Biyu sun gode mata, biyu sun ce ta rufa musu asiri. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.