ƊALIBIN HARSHE DA KIMIYYAR BINCIKEN LAIFUKA: INA RUWAN BIRI DA GADA?

Duk wanda ya kai aji huɗu a wannan sashe ya san tambayar da ke hana mu barci, wato idan an gama sai kuma ina? Amsar da muka saba ji ba ta wuce uku ba: koyarwa, aikin rediyo, ko kuma a koma gida a jira. A wannan ɗan rubutu ina so in kawo ta huɗu. Ra'ayina shi ne, ya kamata wasu daga cikinmu su yi digiri na biyu a fannin kimiyyar binciken laifuka, wadda Turawa ke kira foransik, musamman reshenta da ya shafi harshe. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, ai wannan aikin likitoci ne da masu gwajin jini da zanen yatsa. Ni ma da haka na ɗauka, har ranar da wani abu ya faru a kan idona.

A hutun bara aka kama wani mai shayi a unguwarmu, mutumin Arewa wanda ba ya jin Turanci sai ɗan Burokan na ciniki. Wani mai shago ne ya kai ƙararsa a kan kuɗi. Da yake an san ina karatun Hausa, sai dattawan unguwa suka ce in raka su ofishin 'yan sanda. Kafin mu isa an riga an ɗauki bayaninsa ta bakin wani ɗan acaba da aka tsayar a matsayin tafinta, har ya dangwala yatsa. Abin da bawan Allah ya faɗa shi ne, "Na ci bashinsa." Tafinta ya ɗauki kalmar "ci" ya mayar da ita Buroka yadda take, sai takarda ta nuna cewa ya amsa ya cinye kuɗin mutum. Kowa ya san cin bashi daban, cin kuɗin mutane daban. Na farko rance ne da za a biya, na biyu kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Sai da muka yi awa biyu ana ja-in-ja kafin a yarda a sake rubuta bayanin. Tun daga ranar nake tambayar kaina, da a ce gawa ce a tsakani, mutum ya ce "a hannuna ya rasu", yana nufin shi ya yi jinyarsa, me tafinta irin wannan zai sa a rubuta?

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A shekarar 1950 aka rataye wani mutum mai suna Timothy Evans a Ingila bisa laifin kashe 'yarsa, kuma babbar hujja ita ce bayanin da aka ce ya yi wa 'yan sanda. A 1953 aka gano maƙwabcinsa John Christie ya kashe mata da dama a wannan gida, sannan a 1966 gwamnati ta yi wa Evans afuwa, yana kabari. A 1968 wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Jan Svartvik, ya bi bayanan Evans jimla bayan jimla, ya nuna cewa sassan da suka fi ɗaure shi ginin jimlarsu ya saɓa da na sauran, alhali Evans ko karatu bai iya sosai ba. Daga wannan aiki ne sunan fannin ya samo asali. Haka kuma Derek Bentley, saurayi ɗan shekara 19 da aka rataye a 1953. 'Yan sanda sun rantse cewa da bakinsa ya yi bayaninsa, ba wanda ya sa masa ko kalma. Farfesa Malcolm Coulthard ya lura cewa a cikin bayanin ana ta maimaita "I then", wanda salon rahoton ɗan sanda ne, alhali mutanen gari "then I" suka fi cewa. Wannan na cikin hujjojin da aka gabatar lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1998, bayan shekara 45.

Ka ga ke nan, ya kai mai karatu, abin da waɗannan masana suka yi amfani da shi bai wuce abin da ake koya mana a aji ba: ginin jimla, salo, ilimin ma'ana, furuci da karin harshe. Bambancin kawai, su sun kai nasu gaban alƙali, mu kuwa namu a takardar jarrabawa yake ƙarewa.

Daɗin daɗawa, dokar ƙasarmu ta riga ta buɗe ƙofa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi tafinta tun daga lokacin ɗaukar bayani. Dokar shaida ta 2011 kuwa ta amince da ra'ayin ƙwararre, ta kuma amince da hujjar da ta fito daga na'ura. Yanzu masu garkuwa da mutane ta waya suke ciniki, ana yaɗa muryoyi ta WhatsApp ana cewa wane ne ya faɗa, ga shi kuma kwamfuta ta iya kwaikwayon muryar mutum. Idan irin wannan murya ta zo kotu da Hausa, wa zai tsaya ya yi wa alƙali bayani? Masanin da ke Landan bai san cewa Basakkwace "biyat" da "hwari" yake cewa inda Bakano ke cewa "biyar" da "fari" ba, bai kuma san cewa mutumin Maraɗi na iya kiran makaranta "lakwal" ba.

Akwai uzurori uku da na sha ji a bakin abokai, kuma ba zan ce duk na banza ba ne. Na farko, wai mu 'yan adabi ne, ba mu da kan lissafi. Gaskiya ne wanda zai shiga wannan fanni dole ya koyi ƙididdiga da awon sauti, amma ba a ce ya zama injiniya ba. Manhajar Praat da masana suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam kyauta ce, kuma da ita ake auna tsawon wasali da hawa da saukar murya. Wanda ya iya bambanta "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa ta hanyar karin sauti, ai ya riga ya ɗauko hanya.

Na biyu, kuɗi. Jami'o'in da suka yi suna a wannan fanni, irin su Aston da ke Birmingham da Cardiff da kuma York wadda ta shahara wajen nazarin murya, duk a Birtaniya suke, kuma karatun shekara guda a can ya fi ƙarfin ɗan talaka, sai fa in ya dace da tallafi irin na Commonwealth ko Chevening. To amma kafin a ga biri ai sai an shiga daji. Wanda ya yi digiri na biyu a kimiyyar harshe a nan gida yana iya karkata kundinsa zuwa wannan ɓangare. Ya je kotun majistare ya zauna wata uku yana sauraron yadda ake fassara shaidar Bahaushe, ko ya tattara muryoyin masu kare-karen harshe daban-daban da izininsu. Mu da ke karatu a Kudu mun ma fi kowa dama, domin a Sabo ta Ibadan ko Agege ko kasuwar Mile 12 za ka tarar da Bakano da Bakatsine da Bazazzagi da mutumin Damagaram a rumfa ɗaya.

Na uku shi ne ya fi nauyi, wato haɗarin zaluntar wani da sunan ilimi. Karin harshe ba zanen yatsa ba ne. Miliyoyin mutane ne ke cewa "biyat", kuma Bakanon da ya shekara goma a Sakkwato harshensa na iya juyawa. Masanin kirki ba ya cewa "wannan muryar wane ce". Iyakarsa ya faɗi yadda muryoyi biyu suka yi kama, da kuma yadda irin wannan kama ta yawaita a cikin jama'a. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da taskar bayanai. Tun a 1934 Bargery ya riƙa nuna kalmomin Sakkwato da na Katsina a ƙamusunsa, amma kotu tana buƙatar abin da ya wuce ƙamus, tana buƙatar muryoyi masu yawa da aka auna. A ganina wannan haɗari shi ne ma babban dalilin yin karatun, domin idan masu horo ba su tsaya ba, marasa horo ne za su ci gaba da tsayawa, kamar yadda ɗan acaba ya tsaya wa mai shayinmu.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da su duba yiwuwar sa ko da kwas ɗaya ne na harshe da shari'a a aji huɗu, su kuma ƙarfafa masu rubuta kundin kammalawa su leƙa kotu. Ga 'yan uwana kuma, ban ce kowa ya bar waƙa da wasan kwaikwayo ba, adabi gadonmu ne. Amma a cikin aji mai mutum talatin, idan biyu suka bi wannan hanya, an rage. Ni dai na riga na kai wa mai duba aikina batun kundina, a kan yadda ake fassara kalmar "ci" a bayanan waɗanda ake tuhuma. Mai shayin nan ya biya bashinsa kafin ƙaramar salla, yana nan a bakin titinmu yana sana'arsa. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma amfanar da jama'a da abin da muka karanta.