Artemis I: Dalilin da ya sa yanayi ke da ta cewa kafin a harba roka

A ranar 16 ga Nuwamba, 2022, Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta harba rokar SLS ɗauke da kumbon Orion daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida, bayan ɗage tafiyar sau da dama. Matsalar na'ura da yoyon mai ne suka hana tafiyar a ranakun 29 ga Agusta da 3 ga Satumba, amma jinkirin da ya biyo baya yanayi ne ya jawo shi.

A ƙarshen Satumba, guguwar Ian ta tilasta mayar da rokar mai tsawon mita 98 cikin ginin da ake harhaɗa ta. Da guguwar Nicole ta taso a Nuwamba kuwa, hukumar ta zaɓi barin ta a dandalin harbawa, bisa hujjar cewa hasashen iskar bai wuce abin da za ta iya jurewa ba, kuma jan ta a hanya yayin da iska ke ƙaruwa yana da nasa haɗarin. Rokar ta tsira, sai dai iska ta ɓamɓare wani ɓangare na abin liƙi a jikin Orion, aka kuma ƙara kwana biyu a kan ranar tafiya.

Wannan taka-tsantsan ya samo asali ne daga darussa masu ɗaci. A 14 ga Nuwamba, 1969, tsawa ta faɗa wa Apollo 12 har sau biyu cikin minti ɗaya da tashinsa, ta rikita na'urorin lantarkinsa, ko da yake 'yan sama jannatin sun isa duniyar wata lafiya. Bincike ya nuna cewa roka da doguwar jelar hayaƙinta kan zama tamkar wayar lantarki idan ta ratsa gajimare mai ɗauke da caji, wato ita da kanta ke janyo tsawar. Shi ya sa ake iya dakatar da harbi ko da ba a ga walƙiya ba. A Maris na 1987 an yi asarar rokar Atlas-Centaur ta wannan hanya.

Darasi mafi muni shi ne na Challenger, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa a 28 ga Janairu, 1986, mutum bakwai suka rasu. Sanyin da aka kwana da shi ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin taimako, iskar gas mai zafi ta samu kafar fita. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun yi gargaɗi tun daren, amma shugabanni suka amince a tashi. Kwamitin Rogers da ya binciki lamarin ya ɗora laifi a kan zoben da kuma yadda aka yanke shawarar.

A nan ne muhimmancin abin da ya faru lokacin Nicole yake. Masu hasashen yanayi na bayar da alƙaluma ne kawai, mutane ne ke yanke hukunci, kuma suna yin haka ƙarƙashin matsin jadawali da kuɗi. Babban mai binciken kuɗin NASA ya ƙiyasta cewa kowace tafiya daga cikin huɗun farko na Artemis za ta laƙume kusan dala biliyan 4.1.

Orion bai ɗauki kowa ba a wannan karon, don haka asarar da aka yi kasadarta ta dukiya ce da lokaci. Artemis II kuwa mutum huɗu aka tsara zai ɗauka. A duk ranar da hadari ya haɗu a saman Florida 'yan sama jannati na zaune cikin kumbo, abin lura shi ne ko gargaɗin injiniya da mai hasashen yanayi zai rinjayi jadawali.