Kashi 92 a waya

Ranar Lahadi na je Ɗanbatta, na tarar da 'yar ƙanwata mai karatun ungozoma tana ta murna. Ta miƙo min waya: "Kawu, duba, kashi 92 na ci!" Tsofaffin tambayoyin jarrabawar lasisi ne ta Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, irin waɗanda ake ta yawo da su a WhatsApp. Na ce sau nawa kika amsa su? Ta ce wannan ne na huɗu. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Na zaɓi tambaya ɗaya kan zubar jini bayan haihuwa, na rufe amsoshin huɗu da hannu, na ce to, faɗa min da bakinki. Shiru. Can ta ce, "Na dai san ta uku ce." Wurin zaman amsar ta haddace, dalilin da ya sa mahaifa ke ƙin tsukewa har jini ya ɓalle kuwa bai zauna mata ba. Yarinyar nan ba malalaciya ba ce, har tsakar dare take karatu. Makin ne ya yaudare ta, ya hana ta ganin inda take da rauni.

Na daɗe ina kuka da wannan cuta tun daga masu shirin JAMB. Yanzu ga ta a fannin da ake riƙe rai. A Nuwamban 2023, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likitoci 836 da suka yi karatu a ƙasashen waje suka zauna jarrabawar Hukumar Likitoci ta Ƙasa, 433 suka faɗi. Na tabbata da yawansu sun shiga da ƙwarin gwiwar makin gwaji.

Gwaji yana da amfani, amma makin da za a yarda da shi shi ne na ranar farko, a kan tambayar da ba a taɓa gani ba, agogo na tafiya.

Masu sayar wa ɗalibai tarin tambayoyi da alkawarin "ba faɗuwa" kuwa, ku ji tsoron Allah! Akwai jarrabawar aiki, inda za a tsayar da ɗaliba gaban mai duba ta, cikin 'yan mintoci ta nuna da hannunta. Bayan ita akwai daren da za a kawo mai jijjiga a bayan babur daga ƙauye, ba wuta, ba likita, Kano da nisa.

Kafin in taso na sa ta rubuta duk tambayar da ta ci da sa'a, ta kai wa malamarta.