Mun Ƙaura da Ganuwa, Mun Bar Mutane

A makon jiya ni da ɗalibaina a Birnin Kebbi muka kwashe wata 'yar manhaja da muke rubutawa a buɗe, wadda ke bibiyar farashin shinkafa a kasuwannin Argungu, daga GitHub zuwa Codeberg, rumbun wata ƙungiyar Jamus da ba riba take nema ba. Dalilina ba sabo ba ne. Google ya rufe Google Code a 2016, Microsoft kuma ya saye GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Gidan aro ne, ko da an shafe shi da farar ƙasa.

Rubutun manhajar bai wahalar da mu ba, domin Git na ajiye cikakken tarihinsa a kwamfutar kowane ɗalibi. Mutane ne suka gagara. Kabawa da suka tashi daga Surame zuwa Birnin Kebbi, daga baya Argungu, ganuwa suka bari, jama'a ta biyo. Mu kuwa ganuwar muka ɗauko. Masu taimaka mana daga nesa, waɗanda suka fi mu gano kurakurai, har yau ba su buɗe sabon asusu ba. Ina ta rubuta musu wasiƙa ɗaya bayan ɗaya, biyu ne kacal suka amsa.